Shekarar Korona: yadda annoba ta shiga tukunyar miya



Kun san sunayen shekarun wahala da tsofaffi suke ba mu labari. Akwai Kakalaba, yunwar 1913 da 1914. Akwai farin 1973 da 1974 wanda ya kashe bisashe. Akwai El-Buhari ta 1984. Yau za mu ƙara shekara guda a kan wannan lissafi, wato 2020, shekarar Korona. A waccan shekara an yi ruwa, fara kuma ba ta cinye gonaki ba. Cuta ce ta rufe hanyoyi. Ku biyo ni sannu a hankali, mu ga yadda rufe hanya ya kai har cikin tukunyar miya.

Yadda cutar ta zo

Cutar Korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin, a watan Disamba 2019. Ciwo ne na numfashi, mai sa zazzaɓi da tari. Mutum yana ɗaukarsa daga numfashin ɗan uwansa. Matafiya suka kai shi ƙasa ƙasa. Ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin ya zama annoba, ya game duniya.

Ran 17 ga Maris shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya yi wa ƴan ƙasa jawabi. Aka rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram. Aka rufe iyakokin ƙasa ga matafiya. Aka rufe makarantu, aka hana taron da ya wuce mutum 50. Ran 19 ga Maris aka samu mutum na farko mai cutar a Yamai. Ƙarshen watan aka killace birnin, ba shiga ba fita, aka kuma hana yawon dare daga ƙarfe 7 na yamma zuwa ƙarfe 6 na safe. Masallatai ma an rufe su. Cikin wannan hali azumi ya kama. Sai ran 13 ga Mayu aka buɗe masallatai, makarantu kuma ran 1 ga Yuni. Iyakokin ƙasa kuwa sun kai watan Yuni 2021 a rufe.

Allah ya sauƙaƙa mana ciwon. A cikin mutum fiye da miliyan 20, waɗanda likitoci suka auna suka samu da cutar ba su kai 10,000 ba, waɗanda aka rubuta ta kashe kuma 300 ne da ƴan kai. Ƙauyuka da yawa ba su ga ko mai ciwon guda ba. Amma da wuya a samu gidan da bai ji ta a wajen cefane ba.

Hanya ta rufe, kuɗi sun tsaya

Mai karatu, ka fi kowa sanin gidan ƙauye yana tsaye bisa ƙafa biyu ne, rumbu da aljihu. A gidaje da yawa hatsin gona ba ya kaiwa wata kaka. Abin da ya rage, da kuɗi ake cika shi. Kuɗin nan daga ina suke fitowa? Daga wake da gujiya da albasa da aka sayar. Daga akuya da rago da aka kai kasuwa. Daga samari da suka tafi biɗa Kano, Legas, Abijan ko Libiya.

Duk waɗannan abubuwa hanya suke bi. Tun kafin Korona, Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta 2019 don hana shigar da shinkafar waje. Ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Magarya suna cikin wannan matsi sai ga annoba. Ran 16 ga Afrilu 2020 aka kulle Kano, birnin da kasuwar Dawanau take, inda wakenmu da riɗinmu suke sauka. Motocin kaya an bar su su wuce iyakar Nijar, amma tafiya ta yi nauyi, masu saye suka ragu. Lokacin kuma ya dace da cirar albasa a Galmi da kewaye. Albasa da tumatir da madara ba su jiran hanya ta buɗe.

Ƴan cin rani su ma abin ya same su. Mai shayi, mai tura kura, mai ɗinkin takalmi, duk wanda abincinsa yake bakin titi, dokar zaman gida ta tsai da shi. Wasu suka kasa aiko da komi. Wasu suka kasa komowa gida da wuri don shuka. Darajar naira ta faɗi a shekarar, saboda haka ko abin da aka aiko, in an canza shi sai ya ƙanƙance. A Yamai, matan da suke sai da abinci da dare da masu gashin nama suka rasa ciniki.

Duk wannan ya faru daga bazara zuwa damina, lokacin da rumbu yake ƙasa, tiya take tsada. A watan Agusta da Satumba kuma ruwa ya yi gyara. Kogin Kwara ya cika a Yamai irin cikar da ba a taɓa aunawa ba, ya cinye gidaje da gonakin shinkafa.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta mutum miliyan 720 zuwa 811 suka yi fama da yunwa a duniya cikin 2020. Yara kimanin miliyan 370 suka rasa abincin da ake ba su a makaranta, don makarantun suna rufe.

Abin da yake fara fita daga tukunya

In kuɗi suka ragu a gida, uwar gida ba ta fara taɓa tuwo. Miya take taɓawa. Nama yake fara fita, sai kifi, sai mai. Fura ta rasa nono, a dama ta da ruwa. Ƙwai da kaza a kai su kasuwa a sayo hatsi. In abin ya ci gaba, a rage yawan tuwon. Daga nan a koma ci biyu, ko ci ɗaya. Uwa takan bar nata ta ba yara. Haka gidaje da yawa suka yi a 2020.

To, mene ne asarar da aka yi? Ku tuna abinci kashi uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, mai. Akwai mai gina jiki: wake, gujiya, nono, nama, kifi, ƙwai, fara. Akwai mai kare jiki daga cuta: zogala, kuka, yakuwa, rama, kuɓewa, kabewa, mangwaro, lemu. Tuwo kashi na farko ne kawai. Kashi na biyu da na uku, yawancinsu a miya suke da nonon fura. Ke nan gida yana iya kwana da ciki cike, alhali jiki bai samu abin gini ba, bai samu abin kariya ba.

Wannan yunwa ba ta da ƙara. Babba yana daurewa. Amma yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 2, cikinsa ƙarami ne, girmansa kuma da sauri yake. In kunu tsura yake sha kullum, sai ya daina ƙaruwa, gudawa da zazzaɓi su riƙa kayar da shi. Mace mai ciki ta rasa jini. Manomi ya shiga gona ya gaji tun hantsi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Abincin kanti

Akwai abincin da bai ji rufe hanya sosai ba, shi ne na leda da gwangwani da kwali: taliya, dunƙulen magi, tumatirin gwangwani, sukari, biskit, garin lemu. Shi ba ya ruɓewa. Yana iya yin watanni a kanti. Ana sai da shi ƙanana ƙanana, da dala biyar ko goma. Taliya kuma ba ta son daka, ba ta cin itace da yawa. Kada mu ga laifin macen da ta saye shi ran da hannunta ya gajarta. Amma ya kamata mu san abin da muke saye.

Dunƙulen magi an fara yin sa a Turai a 1908. Kusan rabinsa gishiri ne. Yana ba miya ɗanɗanon nama, amma babu abin gina jiki a cikinsa da za a ambata. Daddawa kuwa, ko ta kalwa ko ta ƴaƴan yakuwa, ƙwaya ce, abinci ce. Likitoci sun ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Gishiri mai yawa yana kawo hawan jini. Taliya da mai da magi suna ƙosarwa, amma kashi na farko ne kurum. Biskit da ruwan zaƙi suna toshe wa yaro ciki, ya ƙi cin abincin kirki. Ku sani kuma, masu hawan jini da ciwon sukari suna cikin waɗanda Korona ta fi yi wa illa a duniya.

Abu na biyu, yawancin wannan abinci daga nesa yake zuwa. Alkamar taliya ta waje ce. Shinkafar buhu da yawanta daga Asiya take, tana sauka tashar jirgin ruwa kafin mota ta kawo ta. A ƙarshen Maris 2020 ƙasar Biyetnam, wadda take cikin manyan masu sai da shinkafa, ta tsai da fitar da ita na ƴan makwanni, don tsoron kada mutanenta su rasa. Wanda tukunyarsa ta dogara ga jirgin ruwa, shawarar wani can take juya shi.

Ba duk abin da ya fito daga masana'anta ne ke da illa ba. Gishiri mai sinadarin ayodin yana hana maƙoƙo. Tunkuzar gujiya mai madara da ake ba yara masu tamowa a gidan likita magani ce, ta ceci rayuka da yawa. Ta mai ciwo ce, kada a sayar, kada a raba wa masu lafiya. Mu ma muna da namu sarrafawa tun kaka da kakanni: ƙuli-ƙuli, kilishi, cuku, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, kaɗanya da man shanu. Su ma suna jimawa ba su lalace ba, kuma suna gina jiki.

Mun taɓa ganin irin wannan

A 1984 fari ya kama. A watan Afrilun shekarar, gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Ba hatsi a gona, ba hanyar biɗa. Shi ya sa mutane suka sa wa yunwar suna El-Buhari. A lokacin ne shugaba Saini Kunce ya yi kira ga noman rani, aka gina rijiyoyi, garake suka yawaita.

A 2005, bayan ƙarancin ruwa da farar 2004, hatsi yana nan jibge a kasuwa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, tana cikin inda yara suka fi shan wuya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar.

Shekarun nan uku, 1984 da 2005 da 2020, abu guda suke koya mana. Yunwa tana shiga gida ta gona, tana kuma shiga ta kasuwa da ta hanya. Kuma ƙananan yara take fara kamawa.

Abin da yake hannunmu

Buɗe iyaka ba ya hannunmu. Miya kuwa tana hannunmu. Da kaka, mu cika rumbun miya kamar yadda muke cika na hatsi. A shanya ganyen zogala da kuka da yakuwa a inuwa, don rana tana rage amfaninsu. Kada a sai da wake duka. A ajiye na ci cikin buhu mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a ƙasarmu tun 2007. In an ɗaure shi da kyau, ƙwari suna mutuwa ba tare da magani ba. A bar gujiyar ƙuli-ƙuli. A dasa zogala bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke yake zuba.

Maigida, ka bar wa matarka gamanarta, ka taimake ta da taki. Akuyarta mai tatsa, ita ce ta ƙarshen zuwa kasuwa. Uwar gida, ki ba jariri nononki zalla har wata 6. Daga nan ki sa garin ƙuli-ƙuli ko na wake da ɗan mai a kununsa, ki dafa masa ƙwai. In kin ga ya rame, ko ƙafafunsa sun kumbura, kai shi gidan likita ba da jinkiri ba.

Gari ma yana da nasa aiki. Bankin cimaka yana saye da kaka, ya sayar wa mutanen gari da rahusa lokacin tsada. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, yana ba mace rance ran da kuɗin biɗa suka makara. Ku da kuka iya karatu da lissafi yanzu, ku ne za ku riƙe littattafansu, don kada dukiyar jama'a ta salwanta.

Najeriya ta buɗe iyakar Illela da ta Maigatari ran 16 ga Disamba 2020. Ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dokar ta-ɓacin Korona ta ƙare. Amma cikin shekarar 2023 iyakokinmu suka sake rufewa, wannan karo saboda siyasa. Hanyar da ta rufe jiya tana iya rufewa gobe.

Ga aikin da za ku yi kafin darasi mai zuwa. Kowa ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da gidansa ya ci jiya, tun safe har dare. Ya raba shi kashi uku. Ya duba wane kashi ne babu, da abin da zai iya nomawa ko ajiyewa don ya cika shi. Ku kawo takardunku aji, mu karanta tare.

Allah ya kare mu daga annoba, ya ba mu damina mai albarka. Amin.