Wa ke da dare a Garwa?

Mai karatu, in ka taɓa kwana a Garwa cikin watan Maris ko Afrilu, ka san ɗaki ba ya kwantuwa. Zafi kan haura digiri 40, kowa ya jawo tabarmarsa tsakar gida. To, wanda ya kwana a waje ba shi da bangon da zai tare masa ƙara, duk abin da maƙwabci ya kunna a kunnensa zai sauka.

A da can, kafin Jamusawa su kama garin a 1901, da ma bayan Faransawa sun gaje su, ba takarda ke tsare dare ba. Akwai lamido, ƙarƙashinsa lawan da jauro. Biki dai ana yi, ganga da algaita suna tashi, amma makaɗi mutum ne, hannunsa na gajiya, kuma ya san tsohon da ke jinya bayan katanga. In abu ya wuce gona da iri, dattijo ya aika yaro a ce a sassauta. Shi ke nan.

Sai zamani ya juya. An kammala madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai a 1982, wuta ta yawaita, rakoda da lasifika suka shiga unguwanni, daga baya babura da janareta suka biyo. Lasifika kuwa ba ta gajiya, ba ta jin kunyar kowa.

Daga nan hukuma ta shigo. Dokar 9 ga Nuwamba 1990 ta ƙayyade lokacin mashaya: masu sayarwa a tafi da shi su rufe ƙarfe 9 na dare, inda ake zama a sha kuma ƙarfe 12. Dokar muhalli mai lamba 96/12 ta 5 ga Agusta 1996 ta hana ƙarar da za ta cutar da lafiya ko ta takura wa maƙwabta. A ranar 23 ga Agusta 2011 firaminista ya sa hannu kan wata doka ta musamman game da ƙara da wari. Ka ga ke nan dokoki ba su yi ƙaranci ba. Amma ka zaga Yelwa daren Asabar, ka faɗa mini abin da ka ji.

'Yan'uwanmu na Marwa sun ɗanɗana wani irin shiru bayan hare-haren Yulin 2015, lokacin da aka taƙaita zirga-zirgar dare. Gari ya yi tsit, amma tsit na tsoro. Ba wanda ke roƙon Allah ya maimaita mana wannan.

Abin da muke nema mai sauƙi ne: ɗalibin da ke shirin jarrabawa ya samu barci, mai jego ta runtsa, mai hawan jini ya huta. Mai mashaya da mai kiɗan biki su ma abinci suke nema, ba mu ce a rufe musu ƙofa ba.

Saboda haka in ƙara ta dame ka, fara da sallama a ƙofar maƙwabcinka da rana, ba cikin fushin tsakar dare ba. In bai ji ba, ga jauro. In abin ya faskara, doka tana bayanka, ka kai kuka wurin hukuma. Kai ma ranar bikin gidanku, in dare ya raba, ka tuna akwai mai kwana bayan katangarka.