Yaran Sao Paulo da suka kwana a aji

Yau tarihinmu ya haye teku zuwa Burazil, ƙasar da muka fi sani da ƙwallo da buhunan sukari.

A 2015 gwamnan jihar Sao Paulo, Geraldo Alckmin, ya fito da wani tsari da ya kira gyaran makarantu. A ƙarƙashinsa za a rufe makarantun gwamnati fiye da 90, a sauya wa ɗalibai sama da 300,000 wurin karatu. Ba a shawarci iyaye ba, balle yaran. Duk wanda ɗansa ke taka sayyada mai nisa kafin ya kai aji ya san abin da ke biyo baya idan aka ƙara nisan: yau a je, gobe a fasa, jibi a daina.

Yaran sun yi ta maci, ba a kula su ba. Sai ranar 9 ga Nuwamba ɗaliban wata makaranta a garin Diadema suka shiga da barguna, suka garƙame ƙofa daga ciki. Dabarar daga ɗaliban ƙasar Cile suka koyo ta, waɗanda suka yi irin haka a 2006. Cikin 'yan makonni makarantu fiye da 200 suna hannun yara 'yan shekara 15 zuwa 17. Su ke girki, su ke shara, su ke gadin ƙofa bi da bi, maƙwabta na kawo musu abinci. Da suka ga shiru, suka kwashi kujerun aji suka zauna a tsakiyar manyan tituna. 'Yan sanda suka zo da kulake da barkonon tsohuwa, yaran kuma suka ɗauki komai a waya. Ranar 4 ga Disamba gwamna ya dakatar da tsarin, kwamishinan ilimi ya ajiye aiki.

Da waɗannan hotuna da makamantansu Eliza Capai ta haɗa fim ɗinta na 2019, Espero Tua (Re)volta, wanda ya samu kyautar Amnesty a bikin finafinai na Berlin. Babu wani babba da ke bayani a ciki. Uku daga cikin ɗaliban, Lucas da Marcela da Nayara, su ke ba da labarin, suna katse juna, suna gardama kan wa ya kamata ya yi magana. A ganina nan daɗin fim ɗin yake.

To amma zagaye na biyu bai yi musu kyau ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta Michel Temer ta kawo dokar da ta ɗaure kuɗin da gwamnati ke kashewa har shekara 20, ba ƙari sai gwargwadon tsadar kaya, kuma da ilimi a ciki. Ɗalibai suka mamaye makarantu sama da 1,000, mafi yawansu a jihar Parana. Gwamna dai yana kusa, yana kuma tsoron zubewar farin jininsa. Majalisa kuwa tana can Brasiliya, ko gezau. A Disamba dokar ta wuce.

Ba a maye gurbinta ba sai 2023, shekarar da aka rantsar da Alckmin ɗin nan mataimakin Shugaba Lula.