Bedford ɗin barikin soja da ƙwarangwal ɗin yau

Jiya na wuce wani gareji na ga manyan motocin jami'an tsaro an ɗora su kan duwatsu, ba taya, ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. Wallahi sai na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, makaniken soja ne.

Sana'ar ta daɗe. A Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Turawa suka kwashi samarinmu zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, da yawa a soja suka koyi tuƙi da gyaran mota. Bayan 1945 wasunsu suka dawo suka zama direbobi da makanikai a gari.

Baba kan Bedford ya ƙware. Injinta ba kwamfuta, sifana da kunne sun isa. Duk safiya a duba baƙin mai, ruwan lagireto da birki, a rubuta a littafi. Da kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a Ingila wajen 1987, kayan gyara suka yi wuya, sai a yanka mota ɗaya a rayar da uku.

Steyr na Ostiriya kuwa a Bauchi aka fara haɗa su a ƙarshen shekarun 1970. Ku je ku ga wurin yanzu.

Ni ma'aikaci ne, na san yadda kasafi yake: sayen sabuwa na da kwangila, gyara ba shi da mai kare shi. Amma sojan da motarsa ta mutu a dajin Zamfara da magariba, fanbel kawai yake nema.