Hoton Ƙawaye: Anko da Zargin Maɗigo a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya buɗe akwatin tsofaffin hotuna a gidajen Gumel ko Gagarawa, da wuya ya rasa hoton 'yan mata biyu sanye da atamfa iri ɗaya, ɗaurin kallabi iri ɗaya, hannun wannan a kan kafaɗar waccan. Su kan yanko turmin tare, sau da yawa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, su kai wa tela guda, sannan su tsaya gaban mai hoto ranar salla ko biki. Wannan shi ne anko.

Dangantakar da hoton ke shaidawa ta girmi na'urar ɗaukar hoto nesa ba kusa ba. A cikin littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, an bayyana ƙawance a matsayin alkawari mai ƙa'ida. Ƙawa tana kai wa ƙawarta gudummawa ranar aure da suna, ita kuma ta rama idan nata ya zo. Da hoto ya iso, sai ya zama takardar shaidar wannan alkawari. Haka abin yake har a Bamako, inda Seydou Keita ya buɗe shagonsa a 1948 ya ɗauki mata bibbiyu cikin zane iri ɗaya.

Hausa kuwa ta daɗe da kalmar maɗigo, kuma harshe ba ya raɗa suna ga abin da babu. To amma al'amarin a ɓoye yake, ba shi da tufa ko alama tasa. Mata biyun da ke tsakaninsu ya wuce ƙawance, anko ɗin da kowa ke yi shi za su yi, hoton da kowa ke ɗauka shi za su ɗauka. Saboda haka mai nazarin tarihi ba ya iya karanta zuciya daga zane, kuma wanda ya ce ya iya, zato kawai yake yi.

A Afirka ta Kudu, inda doka ta halatta auren jinsi a 2006, Zanele Muholi ta soma jerin hotunan Faces and Phases a wannan shekarar, mata suna fuskantar na'ura da sunayensu. Arewacin Nijeriya wata hanya ya bi. Dokokin shari'a da jihohi irin su Kano da Jigawa suka kafa daga 2000 sun sa maɗigo cikin laifuffuka. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a.

Da wayar hannu ta fitar da hoto daga akwati zuwa Facebook, sai idon mai kallo ya sake. Tsayuwar da kakanni suka yi ba wanda ya tanka, yau tana iya jawo wa jikokinsu tsegumi, har da waɗanda ƙawance ne kurum ya haɗa su.