Garmar Kan Dusar Ƙanƙara

  Tun da na aika hotunan hutunmu na garin North Conway, a jihar New Hampshire, Inna ta kira ni har sau biyu tana faɗa, wai me ya kai ni da jikarta kan dutse cikin wannan sanyi, muna daure da katako a ƙafa. To Inna, ga amsar, amma sai na ɗan koma baya.

Asalin abin ba wasa ba ne. A ƙasar Norway manoma ne ke ɗaura dogayen katako a ƙafa don su iya tafiya idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Wani talaka mai suna Sondre Norheim, mutumin ƙauyen Morgedal a yankin Telemark, shi ya gyara maɗaurin ya riƙe diddige sosai, har mutum ya iya karkata yadda yake so. A 1868 ya je gasa a Christiania, wato Oslo ta yanzu, ya ba mutanen birni mamaki. Duk da haka talauci bai sake shi ba. A 1884 ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya rasu a North Dakota a 1897.

Amma duwatsun Alps sun fi na Norway tsayi da gangare, saboda haka sai an san dabarar tsayawa, in ba haka ba mutum ya karye. A nan Hannes Schneider ya shigo. Ɗan Ostiriya ne, an haife shi a 1890, ya fara koyarwa a garin St. Anton a 1907. Abin da ya yi shi ne ya rarraba koyon mataki-mataki, kamar yadda ake fara yaro da babbaƙu kafin farfaru. Da farko ka haɗa kawunan katakon biyu a gaba, ka buɗe bayansu, ka ɗan durƙusa. Wannan tsayuwa sunanta garma a bakinsu, don tana ture ƙanƙara kamar yadda garma ke ture ƙasa. Idan ka danna nauyinka a ƙafar dama sai ka juya hagu, ka danna a hagu ka juya dama. Sai ka ƙware a wannan kafin a bar ka ka jera katakon biyu ka yi gudu.

A 1938, da Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya, 'yan Nazi suka tsare Schneider. Wani attajirin banki haifaffen North Conway, Harvey Gibson, shi ya yi ƙoƙari aka sake shi. A watan Fabrairun 1939 ya iso garin da iyalinsa, ya ci gaba da koyarwa a dutsen Cranmore har ya rasu a 1955. Hotonsa na gani a bangon masaukin da muka sauka, shi ya sa na bi diddigin labarin.

Abin da na fahimta shi ne, da ba a mai da abin darasi ba, da har yau sai jarumai kaɗai ke yinsa. Darasin ne ya sa yanzu uba da uwa da yara ke kama ɗaki a masauki, su yini a kan dutse, su dawo da yamma su zauna gaban murhu.

Ni dai na raina garmar, na ce ai ta yara ce, na jera katakona tun ranar farko. Ban yi taku ashirin ba na ji ni a ƙasa, gwiwa ta kwana biyu tana ciwo. Jikarki kuwa, mai shekara shida, ta bi malaminta sau da ƙafa, rana ta uku tana saukowa ita kaɗai tana yi mini dariya. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, Inna, ɗanki ne abin a yi wa addu'a.

Na koma kan rubutun digirina, gwiwa kuma ta yi sauƙi, alhamdu lillahi. A gaida kowa da kowa. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.