Shaihu Muhammadu Abduhu da Ingilishi a Masar

A cikin malaman da suka yi kiran a gyara al'amuran Musulmi a ƙarni na 19, da wuya a sami wanda ya sha wuya a hannun Turawa, sa'an nan kuma ya fake da su, kamar Shaihu Muhammadu Abduhu na Masar. An haife shi a 1849, ya yi karatu a Azhar, ya kuma yi almajirci wurin Jamaluddini Afgani. Abin da ya ke kira a kai shi ne malamai su bar bin maganar magabata ido rufe, su koma ga Alkur'ani da Sunna, su yi aiki da hankalin da Allah ya ba su.

Da Ingilishi suka ci Masar a 1882, aka kore shi daga ƙasar saboda goyon bayan tawayen Urabi Basha. A 1884 shi da malaminsa suka buɗe jarida a Faris, mai suna al-Urwatul Wusƙa, wadda ta yi ta sukar Ingilishi har suka hana ta shiga Masar da Indiya. Amma da aka yi masa afuwa ya komo gida, sai ya sake shawara. Ya ga fitar Turawa ba ta da rana, gyaran makarantu da kotuna kuwa ana iya somawa nan da nan. Saboda haka ya shirya da Lord Cromer, wakilin Ingila, wanda mulki ya ke hannunsa ko da ya ke akwai Sarki bisa gado.

A 1899 aka naɗa shi Muftin Masar. Da suka ɓata da Sarki Abbas Hilmi a kan dukiyar waƙafi, Cromer ne ya tsaya masa, Sarki ya rasa yadda zai tuɓe shi. To, wannan inuwa ita ce ta zama makami ga abokan gābansa. A 1903 wani Musulmi daga Afirka ta Kudu ya aiko da tambaya, Mufti ya amsa cewa ba laifi a sa malafar Turawa, a kuma ci yankan Kirista. Cin yankan Ahlul Kitabi magana ce da malamai suka daɗe suna tattaunawa, amma jaridun da ke bayan Sarki ba su kula da hujja ba, sai suka ce ai ga muftin Nasara ya yi abin da aka ɗora shi ya yi. Mutanen da ba su taɓa buɗe littafinsa ba suka ƙi shi domin wanda ya ke kare shi.

A farkon 1905 ya bar majalisar gudanar da Azhar, gyaran da ya ke so bai kammala ba, ya rasu a Iskandariya cikin watan Yuli. Bayan shekara uku Cromer ya buga littafinsa a kan Masar, ya yabi Shaihun ƙwarai, sa'an nan ya ƙara da cewa yana zaton abokin nasa mai shakka ne a kan addini.