Thunderbird: Yadda ake girka ta, sabunta ta da gyara matsalolinta

Thunderbird manhajar imel ce ta kyauta wadda gidauniyar Mozilla ta fitar da cikakken zubinta na farko a watan Disambar 2004. Tun 2020 kamfanin MZLA, reshen gidauniyar, ke kula da ita. Tana aiki a Windows, macOS da Linux, tana kuma tara asusun Gmail, Outlook da na ofis wuri guda.

Girkawa: A sauke ta daga shafin thunderbird.net kaɗai, domin kwafin da ke yawo a wasu shafuka kan zo da manhajar kutse. Wajen haɗa asusu, tsarin IMAP ya fi dacewa, tunda yana barin saƙonni a sabar kamfanin imel. POP3 kuwa na iya kwashe su gaba ɗaya zuwa kwamfuta, ta yadda idan ta lalace, saƙonnin sun tafi ke nan.

Sabuntawa: Manhajar kan sabunta kanta, ana kuma iya dubawa ta Help sannan About Thunderbird. Zubi na 115 ne na ƙarshe da ke aiki a Windows 7 da 8.1.

Matsaloli: Idan saƙo ya ƙi shiga ko fita, a tabbatar lambar IMAP 993 ce, ta SMTP kuma 465 ko 587. Gmail na buƙatar tantancewar OAuth2. Idan manhajar ta yi nauyi, a buɗe ta a Troubleshoot Mode don kashe ƙarin da aka ɗora mata. Kafin kowane gyara, a kwafi jakar profile zuwa filashi, domin a cikinta saƙonni da adireshi suke.